Kasat ɗin Yaya a Bakin Wasu

Yayana ya yi shekaru yana aiki a Arlit, kuma daga can ya dawo da kasat guda na kiɗan Turawa, irin mai ƙarar jita da ake kira rok. Mun tashi muna jin sa a tsakar gidanmu a Kanan-Bakashe har zaren ya tsinke. Bara, da ciwon ƙafa ya zaunar da shi, ya aiko mini Tasawa in nemo masa shi, tunda ni ke aikin rediyo.

Na je wurin mai tura waƙoƙi a katin memori, bakin tasha. Na faɗa masa sunan mawaƙin, ya danna, ya ce ga shi nan cif. Tun waƙar farko kunnena ya ƙi. Jerin waƙoƙin daidai ne, amma gangar ta yi sauri, muryar kuma ba ta da kaushin da na sani. A ta uku sai ga mace. Ya ce ai wanke shi aka yi da inji. Na ce na daɗe ina gyaran murya, ban taɓa ganin injin da ke mayar da namiji mace ba.

"Malam," in ji shi, "ku ƴan rediyo ko sallama aka yi muku sai kun auna ta."

A wurin aiki na duba. Mawaƙa ne daban-daban suka taru, kowa ya ɗauki waƙa ɗaya ya sake ta, wai don girmama mai ita. Na asalin kuwa rashin rezo, wato sabis ɗin intanet, ya hana ni sauke shi, ga motar kasuwa za ta tashi. Na tafi da wanda ke hannuna, na sa wa Yaya a rediyonsa, ban gaya masa ba na asalin ba ne.

Ya saurara kansa a sunkuye. Da macen ta fara, ya rage murya.

"Yaushe ya rasu?"

Sai a lokacin na ga abin da ya ji. A wurinmu ƴan amshi ba sa karɓar bakin waƙa ubangidansu na da rai. Na yi masa bayanin girmamawar. Ya tambaya ko sun ambace shi kafin su fara, kamar yadda yaron makaɗi ke faɗin wanda ya koya masa ya nemi gafara. Muka bi farkon kowace waƙa. Babu wanda ya yi. Ya ce to ko dai mutumin ya mutu, ko yana da rai an yi masa sata. Na ce ban duba ba. Gaskiya ce, amma ya daɗe yana kallona, irin kallon mara lafiyar da ya san ana ɓoye wa irinsa labarin rasuwa.

Ya zare katin ya miƙo mini.

"Koma ka binciko. In yana da rai, kawo mini muryarsa. In ya mutu, ka faɗa mini, ni ba yaro ba ne."