Bangon Ɗakin Inna

Na fi shekara ashirin ina zanen hula a Birnin Kudu, amma in za a faɗi gaskiya ban taɓa zana komai ba, kwafa nake yi. Dillali zai zo daga Kano da hula ɗaya a leda, ya ce wannan ake yayi. Ni kuma in shimfiɗa farin ƙyalle a kan katako, in ɗauki biro da rula, in sauke ta layi bayan layi. Mata su karɓa su bi zanen da allura a cikin gidajensu, a wanke, a buga, ta koma birni da sunan da wani ya raɗa mata. Mutane suna ce mini Malam mai zane, ina amsawa ko kunya babu.

Abin da yake ci mini rai tun ina saurayi shi ne in fitar da zane nawa na kaina, ko da guda ɗaya ne, wanda in na hango shi a kan wani ranar Juma'a zan ce a raina wannan daga hannuna ya fito. Na sha gwadawa. Duk wanda na fara, kafin in kai rabi ya rikiɗe ya koma na wani. Har matata ta gaji da tambayar ina aka kwana, sai dai ta tattara takardun ta hura wuta da su.

Wata damina aka aiko mini cewa Inna, ƙanwar mahaifiyata da take aure a Kwandiko ta ƙasar Gwaram, ba ta jin daɗi. Na hau mota, na ƙarasa a kan acaɓa. Ɗakinta na ƙasa ne, kuma ya fara yoyo ta kusurwa, shi ya sa aka janye gado da kabad ɗin kwanuka daga jikin bangon gabas. Na durƙusa ina gaishe ta, na ɗaga kai, sai idona ya sauka a kan bangon.

Zane ne a jikin yaɓen, an yi shi tun ƙasar tana ɗanya. Layuka uku suna tafiya tare, su lanƙwasa, sai ɗaya ya ware ya zagaye wani ɗan gurbi kamar na ƙwayar gyaɗa, ya dawo ya tarar da 'yan'uwansa inda ba ka zata ba. Haka ya bi bangon tun daga ƙasa har kusa da azara. Babu wuri biyu da suka zo daidai, amma ido ba ya tuntuɓe ko'ina. Duk hulunan da suka bi ta hannuna, ban taɓa ganin mai kama da shi ba.

"Inna, wa ya yi wannan?"

"Wanne? Au, wannan shirmen? Kakarka ce, satin da za a kawo ni. Da yatsa da bakin ludayi ta yi shi, tana yi tana mita wai magina sun bar bango fayau kamar ba ɗakin amarya ba."

Ban tashi na ga kakata ba, ko hotonta babu. Ranar na yi farin cikin da ban san ina da wurin ajiye shi ba. Ashe abin da nake nema yana gidanmu, a bayan kwanuka.

Wayata ƙarama ce, ba ta ɗaukar hoto, kuma ban zo da takarda ba. Da ina da hankali, da na nemi gawayi da kwalin sukari na zauna a wurin har la'asar. Amma ni ne fa Malam mai zane, ina ni ina gawayi? So nake a yi abin da girma. Na gyara zama na ce, "Inna, nan da sati biyu zan dawo da wani Alhaji daga Kano, mai babbar waya, ya ɗauki hoton ɗakin nan. Har mutanen birni sai sun gani."

"Alhaji daga Kano? A ɗakin nan?"

Na ce ƙwarai kuwa, ina wani hura hanci. Ta dubi rufin, ta dubi bangon, sannan ta ce Allah ya kawo mu lafiya. Ni da na girma cikin mutanen nan, na san yadda ake share tsakar gida sau biyu saboda baƙo, amma ban ji abin da kunnenta ya ji ba.

Sai da aka yi sati uku kafin Alhajin, wato dillalin nawa, ya samu sarari. Tun daga zaure warin fenti ya tare mu. Babban ɗan Inna ya fito yana washe baki, farcensa duk shuɗi.

"Yaya, zo ka ga aiki! Kwana huɗu muka yi a kai. Inna ta ce ba za a kunyata ka a gaban baƙonka ba, har akuyarta ta sa aka kai kasuwa."

Na shiga. Bango sumul, siminti da shuɗin fenti, sai ƙyalli yake yi. Na tambaye shi ko a kan tsohon yaɓen suka shafa, don raina bai gama fidda tsammani ba. Ya ce haba, ai siminti ba ya kama tsohon yaɓe, sai da suka kankare shi tas da fartanya. Ƙasar kuma sun cike ramin ƙofar gida da ita, inda ruwa yake kwanciya. An yi ruwa sau biyu tun lokacin.

Inna tana zaune a bakin gado cikin sabon zane, tana kallon fuskata tana jiran in yaba. Na yaba. Alhaji, mutumin kirki, ya ɗaga waya ya ɗauki hoton shuɗin bango, ya ci kazar da aka yanka masa, ya sa albarka. Ni ma na ci. Haushi nake ji kamar in fashe, kuma babu wanda zan ji haushinsa sai ni.

Da baƙon ya fita sallah na roƙe ta ta zana mini shi a ƙasa, ko yaya ne. Ta sa yatsa, ta ja layi ɗaya ta tsaya.

"Ɗan nan, ni fa ban taɓa tsayawa na kalle shi ba. Kabad ne a gabansa tun kafin a haife ka."

Na bi tsofaffin unguwar ɗaya bayan ɗaya. Kowacce ta ce ta san ana yi a da, amma masu yin sun riga mu gidan gaskiya, ɗakunan kuma wasu sun faɗi, wasu an shafe su.

Na koma gida da abin da ya rage a idona. Wata guda na yi ina fama, na ajiye rula, na rufe ido ina bin layukan nan uku da yatsa a kan katako. Kullum ina ganin inda na ukun yake warewa, amma inda yake dawowa ya ɓace mini. Daga ƙarshe na haɗa wani abu na ce shi ne. Na kai wa wata dattijuwa maƙwabciyarmu, wadda duk unguwar babu mai tsaftar allurarta, na zaɓi zare ruwan ƙasa. Da ta gama na riƙe hular ina jujjuyawa, ina lallashin kaina cewa na kamo shi.

Bayan girbi na kai wa Inna. Ban gaya mata ko zanen mene ne ba, na dai sa mata a hannu. Ta matsa bakin ƙofa inda haske yake, ta kai ta kusa da ido, ta shafa ɗinkin da babban yatsa.

"Kai, ta yi kyau, Allah ya yi albarka. Irin ta limaminmu ce sak, har ta mai shagon bakin hanya. Yanzu ita ake yayi ko?"

Na karɓa na sake dubawa da kyau. Gaskiyarta ne. Zanen da na kwafa bara ne, wanda na sauke ya fi a ƙirga, hannuna ya koma masa ban sani ba. Na ce mata e, Inna, ita ake yayi.