Ina Cikin Takaba Aka Yanke Hukuncin Gidana

A lokacin ni matar aure ce a wata unguwa ta hanyar Kona, ina suyar ƙosai a ƙofar gida. Ban yi boko ba, wannan ma faɗa nake ana rubuta mini. Duk abin da ya shafi ofis maigidana ne ke zuwa. Da Allah ya karɓi ransa na shiga takaba, kuma yadda na taras a gidanmu, mai takaba ko zaure ba ta leƙawa.

Ina cikin haka ma'aikatan hukuma suka shafa jan fenti a katangarmu, za a faɗaɗa titi. Mai unguwa ya aiko cewa an kafa kwamiti, duk wanda fentin ya taɓa ya je ya faɗi kokensa kafin a tsayar da inda titin zai bi, don ana iya karkata shi ta wani filin da ba kowa. Maƙwabciyata, 'yar Mumuye da muka tsufa tare, ta shigo har ɗaki tana kirana Dada kamar yadda ta saba, ta ce in yafa mayafi mu tafi, in kunya nake ji ita za ta yi maganar, tunda kowa ya san bakinta ba ya gajiya. Na ce me za a ce da ni, ƙasar kabarinsa ba ta bushe ba a gan ni a ofis. A zatona hukuma ta san an yi mini mutuwa, za ta jira ni.

Ba ta jira ba. Maƙwabciyata ta je aka saurare ta, aka tsallake rijiyarta da ita ma fentin ya taɓa. Ni kuwa shiruna aka ɗauka amincewa. Da na fita takaba na je, wani jami'i ya ba ni kujera, ya kira ni Mama, ya yi mini gaisuwa, sannan ya ce lokacin koke ya wuce, hukunci ya fita, ba shi da ikon taɓa shi. Ya ce da ko wakili na tura da an ji ni. Daga baya limaminmu ya gaya mini addini bai hana mai takaba fita da rana saboda lalura ba. Tambaya ce kawai ban yi ba.

An ba ni diyya, ba zan yi musu ƙarya ba. Amma ɗakin da marigayi ya gina da hannunsa, inda ya yi jinya ya cika, katafila ta kwashe shi ina tsaye. Har yau in na tuna hawaye nake.

'Yan'uwana mata, hukuma ba ta san hawayen da ake yi a cikin ɗaki ba, wanda ya zo gabanta take ji. In an kira ku ku je, ko ku tura wani. Ni yanzu ina wurin ɗiyata a Nukkai. Duk ranar da keken haya ya bi da ni ta titin nan, na san daidai inda gadonsa yake, sai in ce wa direba ya rage gudu.