Kiɗin Baba Nomau da Ban Ɗauka Ba

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ina kan babur da safen nan, ko fasinja ban ɗauka ba, anka kira ni daga Argungu: Baba Nomau mai kalangu ya rasu.

Tun ɗazu nike ganin hotonsa ga shafukan mutane, wai gwani ya tafi. Ku ji min mutane! Ba ku ne kunka ce ya zautu ba, ranar da ya bar yi wa masu kuɗi kirari?

Ga wanda bai san shi ba: shi kaɗai yake kiɗinsa, ba waƙa, ba 'yan amshi. Abin da ido ke gani yake kaɗawa. Koren shinkafar fadama da kiɗinsa, jan yamma bisa gulbi da nasa. Tun da ya koma wannan kiɗi anka daina kiransa biki.

Da yanar ido ta rufe masa gani, ni ke kai shi bakin gulbi, in faɗa masa launin sama, shi kuma ya kaɗa. In na ce ja ne, sai ya ce ni malalaci ne, jan manja ko jan goro? Ba ya bari in koma Birnin Kebbi sai ya damƙa min soyayyen kifi na kai wa iyali.

Haɗuwarmu ta ƙarshe, an yi ruwa an ɗauke. Na ce masa sama ta yi shuɗi fes. Ya gyara kalangu a hammata ya ce, "Ɗana, ɗauki wanga a wayarka. Hannuna ya fara rawa, ba na jin zan ƙara yin shi."

Wayata cike take da bidiyon biki. Ƙyuya ta hana ni gogewa. Na ɗaga ta na yi kamar ina ɗauka, tunda ba gani yake ba.

Ya kaɗa har zufa ta jiƙa masa riga. Wallahi ban taɓa jin irinsa ba. Da ya gama ya tambaya ko ya fito da kyau, na ce ƙwarai kuwa, Baba. Ya yi ta sa min albarka.

Ba wanda ya taɓa ɗaukar kiɗinsa. Ya tafi yana zaton ya bar guda a hannuna.

Ina jin haushinku, amma haushin kaina ya fi.

Allah Ya gafarta wa Baba, Ya haskaka kabarinsa. Duk wanda ya karanta, don Allah ya yi masa addu'a. In kun gama ku roƙa min nima, don wanda zan nemi yafiyarsa an rufe shi tun da hantsi.