Ranar da Aka Mari Baba a Hanyar Hajj Abdalla

Tun da maigidana ya rasu yara suka watse, ni kaɗai ce a gidan nan. Ɗiyata da ke aure a garin Damazin ta zo mini ziyara bara, ta bar mini waya cike da finafinai, wai don in rage kewa. Ban taɓa su ba sai wata rana bayan la'asar, ina zaune a inuwar rumfa, na danna ɗaya.

Labarin baƙaƙen fata ne a wata ƙasa ta Turawa, a zamanin da ya wuce. Ba na jin harshensu, sai dai in bi rubutun Larabcin da ke ƙasa. Unguwa ta hargitse, ana ƙone-ƙone. Sai 'yan sanda suka jera mutane a jikin bango, ɗaya daga cikinsu ya mari wani dattijo a gaban 'yarsa. Dattijon bai ɗaga hannu ba. Ya juya ya dubi yarinyar kawai.

Na kife wayar a kan tabarma.

Ina shekara goma, lokacin tsinkar auduga, Baba ya tafi da ni kasuwar garin Hajj Abdalla don ya saya mini takalmi. A wani shinge aka tsayar da motarmu. Ɗan sanda ya leƙo, ya ji Baba yana yi mini magana da Hausa, ya ce da Larabci, harshen hukuma a ƙasar nan, "Kai, baƙo, sauko. Ina takardarka?"

Baba ya sauka ya miƙa takardar zama ɗan ƙasa. Ya ce, "Nan aka haife ni, nan aka binne ubana."

Bai rufe baki ba aka kwaɗa masa mari, rawaninsa ya faɗi cikin laka. Shi da yake raba gardama a ƙauyenmu, shi ne ya duƙa ya ɗauki rawanin ya naɗa da lakar. Da muka isa kasuwa ya saya mini takalmin, ya ce, "Uwata, kada innarki ta ji." Haka yake kirana, don sunan mahaifiyarsa aka sa mini.

Ban faɗa wa kowa ba. Daga ranar kuma, in mun fita gari, da Larabci yake yi mini magana. Har ya rasu ba mu sake tayar da zancen ba.

Yammacin da na ga fim ɗin nan na ji ba zan iya riƙe shi ba kuma. Na leƙa gidan maƙwabciyata, ta tafi gona. Na kira ɗiyata, ta ce, "Inna, fim ne fa, kada ki sa shi a rai," yaranta suna ta kuka, na ƙyale ta. Daga ƙarshe na kira yayana da ke garin Kamlin, wanda muka fi shekara ba mu haɗu ba. Na ba shi labarin tun daga farko.

Sai ya ce, "Ni ma an yi a gabana. Sau biyu. Ni ma ya ce kada in faɗa."

"Yaya, me ya hana ka gaya mini?"

"Ke me ya hana ki?"

Ashe gida ɗaya muka tashi, kwano ɗaya muka ci, kowa yana ɓoye wa ɗan'uwansa abu guda. Sai ya tambaye ni ko an sako ruwan ban-ruwa a gonakinmu, na ce an sako. Ya ce in Allah ya yarda zai zo bayan kaka.

Bai samu zuwa ba, ciwon ƙafa ya hana shi. Amma yanzu yakan kira ni kowace Juma'a bayan an sauko daga masallaci, mu yi ta zancen Baba.