Kwana Tara a Bayan Ganuwa

Kwana tara na yi a otal a garin da aka haife ni, alhali gidan ubana yana nan a Ƙofar Gayan, da ɗakina a ciki. Na tsufa yanzu, na yi abubuwan kunya da dama a rayuwa, amma wannan ne kaɗai wanda in na tuna har yau sai in ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

A tsakiyar shekarun saba'in ne. Ina ƙaramin akawu a Kaduna, aka turo ni kwas na mako biyu a makarantar Kongo da ke Zariya. Duk wanda ya san Zariya ya san abin da ya kamata in yi. In sauka a tasha in miƙe cikin birni, in tuɓe takalmi a ƙofar zaure, in gai da Malam. Malam shi ne mahaifina, ya daɗe yana magatakarda a kotun alƙali kafin ya koma karantar da manya a zaurensa. Ɗan gari ba ya sauka a otal. Ko baƙo ma, in yana da wanda ya sani a gari, cin fuska ne ya wuce ƙofarsa ya je ya kama hayar gado.

To, ni a lokacin kaina hayaƙi yake yi. Na koyi shan sigari, na tara gashi kamar kwando, ga wando mai faɗin ƙafa da ke share wa hukuma titi kyauta. Na san ina shiga gida wanzami za a kira, a miƙo mini babbar riga, sigari kuwa ko a mafarki. Sai na ce wa raina kwana biyu kacal zan yi a waje in sha iska, rana ta uku in shiga gida a mutunce, ba wanda zai sani.

Otal ɗin da na samu a Tudun Wada yake, bayan ganuwa, cikin wani lungu da ko mai keke sai ya sauka ya tura. Sunan otal dai ya ci. Gidan ƙasa ne aka shafe da siminti, ɗakuna takwas sun kewaye tsakar gida, kwata ta ratsa ta tsakiya tana tafiya da ruwan wanka da na wanke-wanke. Ƙofofin na langa-langa ne, katifar kuwa ni da kuɗin cizo muka raba ta, kuma su suka fi ni samun wuri. Direbobin manyan motoci ne suka fi sauka a nan. Da rana 'yan karta suna baje tabarma a gindin durumi, ana sayar da giya ta taga, garmaho ba ya hutawa, matan gidan suna kitso suna yi wa duk wanda ya wuce dariya. A bakin lungun an gargaɗe ni tun ranar farko in riƙa dafe aljihu. Mai gidan wata doguwar mata ce mai haƙorin Makka, kowa Magajiya yake ce mata, kuma in ta ɗaga murya har direbobi shiru suke yi.

Gaskiya ban ji daɗin wurin ba ko na yini ɗaya. Amma kwana biyu suka zama huɗu, huɗu suka zama shida, kuma kullum shiga gida sai ƙara nauyi yake yi, don ƙaryar da zan shirya tana ƙara tsawo. Ranar Juma'a ban iya shiga birni masallaci ba don tsoron a gan ni. A ɗaki na kwanta ina kallon rufin kwano, ina jin haushin kaina. A kwana na bakwai da safe, ina wurin mai shayi, muka haɗa ido da wani maƙwabcinmu dillalin hatsi. Na kau da kai kamar ban san shi ba. Shi kuwa ya hau kekensa ya wuce.

Rana ta tara, bayan la'asar, ina kwance da sigari a hannu, sai na ji an kashe garmaho. Gidan ya yi tsit, abin da ban taɓa ji ba tun zuwana. Sannan na ji sallama, da muryar da ko cikin kasuwa zan gane ta.

Na leƙa ta hudar ƙofa. Malam ne tsaye a bakin kwata, da farar riga da rawani, laima a hannu, ƙafafunsa sun yi futu-futu. Da ƙafa ya taso tun daga Ƙofar Gayan, ya fito ta Ƙofar Doka, shi kaɗai. Daga baya na gane dalili. Da ya aiki wani, da kafin magariba maganar ta zaga birni. Daga baya kuma na ji cewa gidaje biyu irin wannan ya shiga kafin ya iso namu.

Abin da na gani ta hudar nan ba zan manta ba. 'Yan karta suka tura kartarsu ƙarƙashin tabarma. Wani direba ya zura kwalba cikin riga. Matan suka rarumi mayafai suka rufe kai, Magajiya ta tofar da goron bakinta, ta durƙusa har ƙasa.

"Sannu da zuwa, Allah gafarta Malam. Lafiya dai?"

"Lafiya lau," in ji shi. "Wani yaro nake nema, ma'aikaci, daga Kaduna. An ce mini nan ya sauka."

"Malam, 'yan Kaduna uku gare ni yanzu. Yaya sunansa?"

Malam ya kauce wa tambayar. Ni ne ɗansa na fari, kuma sunan mahaifinsa aka sa mini. A gidajenmu na cikin birni uba ba ya kama sunan ɗan fari, balle wanda ya ci sunan kakansa. Tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakinsa ba. In yana nemana sai ya ce, "Ku kira mini yaron nan." Ko makaranta ƙaninsa ne ya kai ni ya rubuta ni. Ba ƙiyayya ba ce, kunya ce, kuma a wurin mutum irin Malam kunyar nan daidai take da tufafin jikinsa.

"Dogo ne," in ji shi can, "siriri, yana da tabo a gira."

Magajiya ta san ni ne. Na ga idonta ya gilma ta ƙofata. Amma tana da ƙa'ida da ba ta karya wa kowa, ko ɗan sanda. Ba ta nuna ɗakin baƙo sai mai nema ya faɗi sunansa da abin da ke tsakaninsu, don ta sha ganin masu zuwa da sanda a ɓoye. In ta karya yau a gaban direbobi, gobe ba mai yarda da gidanta.

"Malam, ka yi mini afuwa," ta ce, ta ɗaga murya fiye da yadda ake bukata. "Ba na nuna ɗaki sai da suna. Sai dai in mai ɗakin ya ji ya fito da kansa."

Da ni take. Kowa a gidan ya san da ni take. Ta ja maganar, ta sa aka kawo wa Malam kujera, ta tambaye shi gajiya, duk don ta ba ni lokaci. Tsakanina da shi bai fi taku biyar ba. Ni kuwa ina tsaye bayan ƙofa, na murƙushe sigari a tafin hannu har ya ƙone ni, ina tunanin warin bakina da tulin gashina. Ina ta ce wa kaina bari in kurkure baki tukuna, bari in nemo hula. Ban kurkure ba, ban nemo ba, tsayawa kawai na yi ina kallon tsoho ta huda. Tsoro ne ya riƙe ni, ba wani abu ba, kuma na zaɓi shi ya ji kunya a kan ni in ji.

Malam bai zauna a kujerar ba. Ya dubi ƙasa, ya gyara riƙon laimarsa.

"Ɗana ne," ya ce. "Na fari."

Sannan ya faɗi sunana, cikakke, a hankali, kamar mai sauke kaya daga ka. Duk wanda ke tsakar gidan ya sunkuyar da kai, don ba wanda bai san abin da aka sa dattijon nan ya yi ba.

A lokacin na buɗe ƙofa, lokacin da fitowar ba ta da sauran amfani. Na zube a gabansa, gwiwata cikin ruwan kwata. Bai dube ni ba. Ya ce wa Magajiya, "Mun gode, a yi haƙuri mun dame ku." Sannan ya ce, ba tare da ya juyo ba, "A ɗauko kaya."

Ina tattara kaya Magajiya ta tsaya a bakin ƙofar ɗakin. Ba ta yi ihu ba, da ta yi ma da ya fi mini sauƙi.

"Ni da nake sayar da giya na ji nauyin tsohon nan," ta ce. "Kai da ya haifa ba ka ji ba. Allah ya shirye ka, ɗan boko."

Muka kama hanya, shi a gaba, ni a baya da akwati a ka. Tun daga Tudun Wada har gida bai ce mini uffan ba. Mutane suna ta durƙusawa suna gaishe shi a hanya, yana amsawa kamar kullum. Na yi ta jiran faɗa, har addu'a na yi ya zage ni ko ya ɗaga mini hannu, bai yi ba, ranar ko bayanta.

Da muka isa, manyan ɗalibansa suna zaune a zaure da littattafansu, suna jiransa tun la'asar. Ɗaya daga cikinsu ya ce, "Allah gafarta Malam, baƙo aka yi?"

"Yaron nan ne ya zo," in ji Malam, ya zauna a buzunsa ya buɗe littafi.

Ya rayu shekaru da dama bayan haka, na yi aure, na haifa masa jikoki, ni na riƙe kansa a ciwon ajali. Bai taɓa tayar da maganar otal ba, bai kuma sake kama sunana ba. Sau ɗaya tak na ji sunana a bakin ubana, kuma a tsakar gidan giya na tilasta masa ya faɗa, ina laɓe bayan ƙofa.