Ranar da Baba Ya Tsaya a Ƙofa

Jiya mai gyaran wuta ya zo gidana, ya yanki salatif zai naɗe waya. Warin na bugun hancina sai na tuna Riyad. Da irin wannan salatif ɗin abokan aikin Baba suke naɗe ƙwallon tanis a falonmu na unguwar Al-Suwaidi, su yi ta naɗi har ta yi nauyi ta zama ƙwallon kurket, wasan nan da ake dukan ƙwallo da faffaɗan katako. Shekara talatin da wani abu ke nan, amma warin yana nan yadda na san shi.

A Riyad aka haife ni, kuma a lokacin Larabci ya fi Hausa zama a bakina. Baba injiniya ne a wata masana'antar bututu a Birnin Masana'antu na Biyu. Zamanmu gaba ɗaya a kan iƙamarsa yake, wato takardar izinin zama, ita kuma tana hannun kafilinsa, wato wanda ya tsaya masa, Balaraben da ke da masana'antar. Ko ni da nake 'yar shekara goma na san in kafili ya janye hannu, mu ma mun tashi.

Yawancin ma'aikatan wurin 'yan Indiya ne da 'yan Pakistan, sai tsirarun 'yan Siri Lanka da Bangaladash. Kurket kuwa kamar da shi aka yanke musu cibiya. Baba ya koyi wasan a kwaleji tun yana saurayi, wurin wani malaminsu Bature. Da suka gano haka sai suka maƙale masa, duk Juma'a shi ne alƙalin wasa, don shi kaɗai ne ba na kowa ba.

A shekarar da nake ba ku labari aka ɗauko babbar gasar kurket ta duniya daga Ingila a karon farko, aka kai ta Indiya da Pakistan. Mutanen nan ba su da halin zuwa, sai dai su kafa kunne a rediyo. Shi ne suka ce za su yi tasu gasar ta yini ɗaya, ƙasa huɗu, a fara da hantsi a gama kafin magariba. Zafi ya fara sauka a lokacin, ana iya tsayuwa a fili ba tare da ƙwaƙwalwar mutum ta dahu ba.

Rigimar duk a kan wa zai karɓi baƙunci ce. 'Yan Indiya suna da wani fage a unguwar Al-Shifa, 'yan Pakistan suna da nasu a bayan masaukinsu, kuma kowa ya rantse ba zai taka na ɗan'uwansa ba. Juma'a uku suna zuwa falonmu bayan la'asar. Ni ina ɗakin girki da Umma, muna jiyo hayaniya cikin harsuna uku, muna dafa shayi buta bayan buta. Ƙananan ƙasashen biyu ba wanda ya tambaye su ra'ayi, su dai suna gefe suna naɗe ƙwallo. Manyan mutane masu gemu, a kan filin da ko ciyawa babu! A ƙarshe suka daidaita a kan harabar masana'anta, Baba ne mai masauki.

Kafilin bai ƙi ba. Ya ce "ma fi mushkila", wato ba matsala, amma da sharaɗi ɗaya. Taron baƙin haure abu ne da hukuma ba ta wasa da shi, don haka duk wanda zai shiga sai ya nuna iƙamarsa a ƙofa. Wanda ba shi da ita ya koma. Baba ya amsa da to.

Da ya faɗa wa Umma, ta ajiye ludayin da ke hannunta.

"Malam, ka sa mai gadi ya tsaya a ƙofar nan. Na san ka."

"Haba," in ji Baba, "ni na gayyaci mutane, kuma wani ne zai tarbe su?"

Mu mata ba mu je ba. Tukunya biyu ta shinkafa muka dafa aka ɗauka a mota. Abin da ya faru a can daga bakin Kawu muka ji, wani direba ɗan garinsu Baba da muke kira haka. Ya ce Baba ya sa farar rigarsa ya tsaya a ƙofa tun da sassafe. Mutum na farko ya zo, ya yi sallama, ya miƙa hannu biyu. Baba ya amsa, ya tambaye shi gajiya, ya ce bismilla. Na biyu ma haka. Kawu ya ce ya ga bakin Baba ya motsa sau ɗaya kamar zai tambaya, sai ya haɗiye. Labari ya riga ya zaga sansanonin ma'aikata, mutane suka yi ta kwararowa, har da waɗanda suka shigo ƙasar da sunan umara suka ƙi komawa. Ba wanda aka ce ya nuna komai.

An yi wasan safe lafiya. Bayan an sauko daga Juma'a, 'yan Indiya da 'yan Pakistan suka shiga fili, ihu ya kai har titi. Ba a jima ba motocin shurɗa, 'yan sandan can, suka tsaya a ƙofa. Aka jera kowa a rana ana duba takardu. Mutum bakwai ba su da ita. Da aka tambayi wanda ya tara jama'a, Baba bai jira a nuna shi ba.

Kwana biyu ya yi a hannunsu. Umma ba ta yi kuka a gabanmu ba, amma ta wanke tukwanen nan biyu ya fi sau uku. Da aka sako shi, kafilin ya kira shi ofis. Bai ɗaga murya ba, ya ce, "Fili na ba ka, abu ɗaya na roƙe ka." Aka buga mana hatimin fita ba dawowa.

'Yan Indiya suka ce 'yan Pakistan ne suka kai tsegumi, su ma suka ce a'a, 'yan Indiya ne. Ko sallama da suka zo yi mana, rana daban-daban suka zo. Mutum bakwai ɗin nan kuwa an mayar da su ƙasashensu, ba wanda ya ƙara ambatonsu sai Baba.

Ba zan ɓoye muku ba, na daɗe ina jin haushinsa. An cire ni daga makaranta a tsakiyar shekara, na rabu da ƙawayena, na zo Kaduna yara suna kwaikwayon gurguwar Hausata. Baba bai ƙara samun aiki kamar wancan ba. Sai da na yi aure na iya tambayarsa me ya hana shi duba takardun nan. Ya ce, "Mutum ya yi mini sallama na amsa. Da wane bakin zan ce ya nuna mini takarda?"

Yanzu zamani ya sauya, ko biki sai da kati. Bara na aurar da 'yata, na ɗauki masu gadi biyu na ce ba kati ba shiga. Ana tsakiyar taro aka nemi Baba aka rasa. Na fita na same shi a waje, ya haura tamanin, zaune a kujerar roba cikin waɗanda aka hana shiga, yana tambayarsu mutanen gida. Na durƙusa na ce, "Baba, don Allah ka shigo, ana cigiyarka."

Ya ce, "Je ki kula da baƙinki. Waɗannan ma wani ya kamata ya zauna da su."

Na kalli masu gadin, suka kalle ni, suna jiran in yi magana. Ban ce su buɗe ba. Na koma ciki na zauna a babban tebur, aka ajiye mini abinci, har aka tashi ban iya kai loma ɗaya bakina ba.