Babbar Riga a Gonar Dawakan Tsere

A duk shekarun da na yi ina ɗaukar hoto a birnin Guangzhou na ƙasar China, ranar da ta ƙi fita a raina ita ce ranar da aka kai ni gonar dawakan tsere. Gara ku ji daga bakina kafin maƙiya su ƙara gishiri: wawan labarin nan ni ne, dokin ba shi da laifi.

Ga wanda bai san aikinmu ba, ni mai hoton kaya ne. Ɗan kasuwa zai zo daga Kano ko Maraɗi, ya zaɓi takalma a kasuwar Zhanxi ko riguna a ta Baima, sai a kira ni in ɗauka a tura wa masu saye a gida. Ka shimfiɗa farar takarda, ka kunna fitilu, ka goge takalmi, ka danna. Karatuna a aji biyu na sakandare ya tsaya, amma a fannin takalmi farfesa ne ni. Kuma tunda nake takalmi bai taɓa guje mini ba.

Bayan an buɗe hanya daga kullen korona, Hajiya Rabi, wata 'yar kasuwar Maraɗi, ta sa masana'anta ta yi mata shadda da tambarinta, Mai Doki. Washegari za a buga takardar da ake naɗe shaddar, kuma zanen dokin da suka nuna mata, in ji ta, jaki ne ya sha wahala. Hoton doki na gaske take so, in bai samu ba da jakin za a buga. Lawban ɗin masana'antar, wato maigidan, ya roƙa mata izinin shiga wata gonar dawakai a arewacin birni, safiya ɗaya tak.

Ta ce, "Baba Sule, ka taɓa ɗaukar doki kuwa?"

Na ce, "Hajiya, tebur da kujera nawa na ɗauka a garin nan? Duk ƙafa huɗu ne."

To, a wajenmu babban aiki babbar riga yake so. Na fito da farar shaddata wadda ta sha sitati a wajen mai guga har tana iya tsayuwa ba ni a ciki, na kafa hula, na rataya kyamara. In na taka sai ka ji kwaram-kwaram.

Jama'a, ashe akwai wata China bayan kasuwa. Duwatsu kore shar, hazo ya kwanta a kansu, gora na kaɗawa a bakin tafki, ga farin shinge ya kewaye ciyawa kamar darduma. A ƙofa aka sa muka tsoma takalma a ruwan magani, wai kada mu kai wa dawakai cuta. Mu ne masu cutar. Kowane doki da fankarsa, har da wurin ninƙaya, ni kuwa a unguwarmu ta Dengfeng layin banɗaki nake bi. Murna ta ɗebe ni, na ɗauki shinge, na ɗauki tafki, na ɗauki bokiti.

Mai horar da dawakan, wata gajeriyar mata mai suna Madam Lin, ta zayyana mana ƙa'ida da guntun Turancinta. Ba a kunna walƙiyar kyamara. Ba a bi ta bayan doki. Ƙafafu huɗu su fito a hoton, kuma kunnuwa su miƙe gaba, don in suka kwanta baya hoton ya lalace. Sai ta dubi rigata, ta miƙo mini wata jaket ta ma'aikata. Na ce shiyeshiye, na gode, amma dattijo ba ya tuɓe girmansa a bakin ƙofa.

Aka fito da dokin. Ja ne, dogo, ƙafafu sirara, jikinsa na ƙyalli kamar takalmin da na yini ina gogewa. Na durƙusa, na ɗaga kyamara, sai hannun riga ya zubo ya rufe gilashin. Kun san abin da Bahaushe ke yi in haka ta faru, ba ya ma sanin ya yi. Na wurga hannun rigar kafaɗa.

Kwaram. Doki ya miƙe da ƙafa biyu, ya fizge igiya, ya nufi ƙarshen fili. Na danna dai, don ƙwararre ba ya sakin aiki. Na samu wutsiya, kyakkyawa kuwa.

Aka lallaso shi aka dawo da shi. Hajiya ta ce, "Don Allah Baba, bar taɓa wagga riga." Na rantse ba zan taɓa ba. Na durƙusa, riga ta zubo, hannuna ya yi abinsa ba da shawarata ba. Wannan karon ko wutsiyar ban samu ba, sai ƙura.

Madam Lin ta shafa wuyan dokin ta ga gumi. Ta ce meyo, babu, an gama, zai koma ɗaki. Ta nuna mini bayan shinge da yatsa. Hajiya ta tsaya tana duban ƙasa, na san jakin nan take gani a kan kowace shadda tata daga Maraɗi har Yamai. Na miƙa mata kyamara don in ratsa shingen, na kama hanyar wani ɗan tudu cikin fushi irin na manya.

Ina hawa tudun iska ta cika rigar. Sai na ji Madam Lin na kira, in tsaya. Na waiwaya, na ga doki ya tsaya cak, ya ɗaga wuya, kunnuwa tsaye kamar an auna da magwaji, ya zuba mini ido. Ashe daga nesa ba tsorona yake ji ba, mamakina yake yi. Ta yi mini alama da hannuwa in kaɗa rigar.

Na ɗaga murya na ce, "Hajiya, danna maɓallin saman nan."

Ta ce, "Wanne? Duk na sama ne."

"Mai ƙyallin. Riƙe shi kar ki saki."

Haka na tsaya a kan tudu a ƙasar China, da furfurata, ina buɗe riga ina rufewa kamar ungulu na shan hantsi. Ma'aikata suka fito kallo, Madam Lin na dariya tana cewa in ƙara. Wallahi daga baya daɗi abin ya riƙa yi mini, har da juyi na ƙara musu. Hajiya ta danne maɓalli, kyamara ta yi ta ɓarin hotuna. Yawancinsu sama ce da ciyawa, amma guda ya fito: doki a tsaye, ƙafa huɗu, kunnuwa gaba, dutse da hazo a bayansa. Shi ne a kan shaddar har yau.

Abin da na koya, ku yara masu ɗauka da waya ku riƙe: abu mai rai ba takalmi ba ne, kana kallonsa yana kallonka, don haka kai ma kana cikin aikin tun daga hula har ƙasa. Wannan bayanin nake yi wa 'yan kasuwa da yamma a gidan abincinmu na Dengfeng, na ƙara da cewa a ilimin hoto, wanda ya tsayar da doki shi ne mai hoton, danna maɓalli kowa ya iya. Saboda haka ya dace a sa sunana a gefen takardar.

Hajiya ta ajiye cokali ta ce, "Baba Sule, in suna za a sa, na mai gugarka za a sa."